Buhu Ɗaya a Kujerar Alhaji

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya raba wa kowa hanyar abincinsa, ni kuma ya ɗaura tawa a jikin zare.

Ku matso, ku da kuke cewa aikin Inna ba aiki ba ne. Na ji ku, kunnena bai mutu ba tukuna. Shekaranjiya ina alwala na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai kakarsa ba ta san komai a mota ba, zare kawai take ja, ta tsuguna, ta miƙe, ta ce a ɗaure nan a kwance can. Gaskiya ya faɗa, iyakar abin da ido ke gani ke nan. Shi ya sa na ce a ɗauko takarda, ina faɗa ana rubutawa, tunda ni ban shiga aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango, sai in wuce shi ban gaishe shi ba.

Abu na farko, a rubuta shi da kyau: ban taɓa tuƙa mota ba. Shekara talatin da ɗoriya ina gaya wa direbobi abin da ke damun ƙafar motarsu, amma ƙafata ba ta san birki ba, ba ta san totur ba.

A Aujara aka haife ni, gidan manoma. Kakata mai kaɗi ce, ita ta ɗora mini auduga da mazari tun ina ƙarama, har ya zama ido rufe na san zaren da ya yi sako-sako da wanda ya kusa tsinkewa. Aka kawo ni Dutse gidan Malam, Allah ya jiƙansa. Bakanike ne, amma ba ya taɓa inji. Shi ƙafa kawai yake yi, wato sitiyari da taya da duk ƙarafan da ke tsakaninsu. Garejinsa a bayan gidanmu yake, katanga ɗaya ta raba mu, da 'yar ƙofar da nake miƙo masa abinci.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce shekarar da ciwon yanar ido ya rufe idon Malam. Ta zo daidai da lokacin da fetur ya ɓace a gari, motoci suka kwanta a layin gidan mai kwana da kwanaki. Motar da ba ta tafiya kuwa, ƙafarta ba ta ciwo. Masu koyon aiki su huɗu suka watse, wannan ya koma gona, wancan ya tafi Kano, na ƙarshe ya tafi da jak ɗinmu mai kyau, har yau muna jiran ya dawo da shi. Daminar ma ba ta yi ba, daga Aujara ko dami ɗaya ba a aiko ba. A shekarar nan har tuwon dusa na tuƙa.

Ana nan ana nan, wata rana wata tsohuwar bas ta 'yan Kafin Hausa ta shigo gareji, tana tafiya a kaikaice kamar kare mai gudu. Direban ya ce tayoyin gaba suna cinyewa cikin wata guda. Malam ya shafa tayar da tafin hannu, ya gane ciwon, amma ba ya ganin zare. Sai ya laluba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ke! Zo ki ara mini idonki.”

Na yafa mayafi na fito. Direba ya kawar da kai, ya ce, “Malam, iyali ne fa.”

Malam ya ce, “Na sani, ni na auro ta. Kana son motarka ta miƙe, ko kana son ta ci gaba da tafiyar kare?”

Direba ya ce yana son ta miƙe. To, ranar na shiga sana'a, ban sake fita ba.

Ga yadda ake yi. Gwangwanin fenti huɗu, an cika su da kankare, an kafa ƙarfe a tsakiyar kowane. Biyu a gaba, biyu a baya. Sai a ja zare daga gaba zuwa baya ta kowane gefe, daidai cibiyar taya, a ɗame shi har in ka taɓa ya yi kuka. Sai ka auna daga zare zuwa leɓen wili, wato ƙarfen da taya ke kai, ta gaba, ka auna ta baya. In sun zo ɗaya, tayar tana kallon inda motar take kallo. In sun saɓa, tayar tana da nata ra'ayin. Malam da ma'auni mai lamba yake aunawa. Ni da tsinken tsintsiya nake yi, in sa farce in riƙe wurin. Kaurin tsinke ɗaya ya isa ya cinye wa mutum taya. Kaurin tsinke uku ya isa ya kai shi rami.

Shekara biyu Malam yana zaune a kan benci, ni ina tsugune, ina faɗa masa abin da na gani, shi yana faɗa mini ma'anarsa. Ba ya yabo. In na yi daidai sai ya ce, “Uhm.” In na yi kuskure sai ya ce, “Sake dubawa, motar ba ta sauri.” Wata rana na riga shi faɗar ciwon wata mota, sai ya ce, “Uhm uhm.” Sau biyu. Wannan ita ce takardar shaidar da aka ba ni.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Zare, tsinke, alli, sai ƙwaryata. Ƙwaryar nan ta gwaji ce. Nakan zuba mata ruwa rabi, in shiga in zauna kusa da direba, in ɗora ta a cinya, in ce mu je. In ruwan yana rawa ƙanana-ƙanana sai an ɗauki gudu, to taya ce ba ta daidaita ba, ko wili ya lanƙwashe. In ba ya rawa sai an taka birki, to faifan birki ne. In aka faɗa rami ruwan ya yi tsalle sau ɗaya ya kwanta, lafiya. In ya yi ta tsalle kamar ana kiɗa masa, abin da ke danne tsallen mota ya mutu. In kuwa ya fantsamo mini a zane, direban ne ba shi da hankali, wannan kuma ba a sayar da maganinsa a kasuwar kayan mota.

Na tuna wani malamin makaranta da ya zo rai a ɓace, sitiyarinsa na karkarwa kamar mai masassara, an ce masa sai ya sauya sitiyarin gaba ɗaya. Na tambaye shi ina ya je kafin abin ya fara. Ya ce gona. Na sa hannu ta cikin wili, na ji laka ta bushe ta manne a gefe ɗaya kamar ƙanzo. Na ce a miƙo mini tsohuwar wuƙa. Na kankare, muka fita gwaji, ruwa ya kwanta. Mutumin nan maimakon murna sai ya ji haushi, don ya riga ya gaya wa matarsa cewa babban gyara ne.

Daga nan ku gane, rabin aikin nan tambaya ce. Yaushe ta fara? Wane gefe take ja? A kwalta ko a burji? Da lodi ko babu? Kafin ka taɓa sifana, ka auna iskar taya. Ka musanya tayoyin gaba, in jan ya sauya gefe, ciwon a taya yake. Ka yayyafa ruwa a wili bayan tafiya, wanda ya yi “cuu”, birkinsa ne ke riƙewa. Ka ɗaga mota ka girgiza taya hagu da dama, ka girgiza sama da ƙasa, ka saurari wanda zai amsa maka. Yanzu an kawo na'ura mai kwamfuta da jan haske, ana hawa da mota kanta ta fitar da takarda. Ba na zaginta, idonta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Amma ba ta tambaya. Abin da aka ɗora mata shi take aunawa.

To, yanzu ku gyara zama, ga jar mota.

Ranar wata Alhamis da hantsi, bayan rasuwar Malam da daɗewa, autana Sabo ne ke riƙe da gareji, shi ma lokacin furfura ta fara masa a gemu. Ina zaune ina tsince wake sai na ji wani gurnani a waje, kamar an ɗaure zaki a cikin tulu. Na leƙa. Wata mota ce ja, gajera, shimfiɗaɗɗiya, cikinta ya kusa shafar ƙasa kamar ƙadangare. Ƙofa biyu, kujera biyu. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi. Irin motocin tseren nan da kuke liƙa hotonsu a ɗaki. Kafin ta gama tsayawa mai faci ya bar facinsa, mai walda ya kashe wutarsa, masu zaman inuwa suka taso da bencinsu.

Wanda ya fito daga ciki na san shi. Bulus ne, mutumin Filato, siriri, dogo, dattijo a cocinsu, direban wani Alhaji babban ɗan kasuwar riɗi da ke unguwar Limawa. Ba zan faɗi sunan Alhajin ba, zuriyarsa na nan da yawa. Shekara goma sha tara Bulus yana ja masa mota, kuma a ɗakunan bayan gidan Alhaji yake zaune da matarsa da 'ya'yansa.

Yadda motar ta zo hannun Alhaji kuwa, ɗansa ne da ke Abuja ya zo da ita hutun Sallah. Alhaji ya ga irin gudun da take yi, ya ƙwace makulli, ya ce ba zai zuba ido ƙarfe ya kashe masa ɗa ba. Yaro ya koma Abuja a motar haya. Bayan kwana uku Alhaji ya ce bari a zagaya da shi ya ji abin da ke ruɗar yaran zamani. Tun daga ranar bai sake shiga jif ɗinsa da daɗin rai ba. Masallaci a jar mota, gona a jar mota, ɗaurin aure a jar mota. Shi ba ya tuƙi, kuma babu kujerar baya, dole ya zauna gaba kusa da direba. Alhaji kuwa, tubarkalla, Allah ya yi halitta a wurin. Mutum biyu ke shigar da shi, mutum biyu ke fitar da shi.

Bulus ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Mama, ruwa ya ƙare mini.”

Na ce, “Tashi ka zauna. Me ya faru?”

Ya ce motar tana ja hagu, wajen motocin da ke tahowa. Makon jiya a hanyar Aujara saura ƙiris su shige ƙarƙashin tifa, har hular Alhaji ta faɗi. Sau uku ana kai ta Kano ana ɗora ta a kwamfuta, sau uku takarda na cewa lafiyarta lau. Alhaji ya ce tunda mota lafiya take, to direba ne ba lafiya, ko gyangyaɗi yake yi, ko ido ya tafi, ko ya fara shan abin da bai kamata ba.

“Ni, Mama! Ni da ko goro ba na ci. Na roƙe shi a gwada wurinki. Ya ce to, in kai ta wurin tsohuwar nan mai zare. In ke ma kika ce lafiya take, gobe Juma'a in ajiye makulli in kwashe kayana.”

Kun ji nauyin da aka ɗora mini. Kalma ɗaya daga bakina, gidan mutum ya tashi.

Muka fara da abin da aka saba. Iska daidai. Muka musanya tayoyin gaba. Jak bai shiga ƙarƙashinta ba, sai da muka jera katako ta hau, sannan muka tura ta kan ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Sabo ya shiga da tocila, ya girgiza duk abin da ke girgizuwa, babu wanda ya amsa. Na ja zarena, na auna ƙafa huɗu. Ko rabin tsinke babu. Tunda nake ban taɓa ganin mota mai gaskiya irin wannan ba.

Na ce a kawo ƙwarya. Shigata motar nan kaɗai abin kallo ne. Na sa ƙafa, na nemi kujera, na yi ta sauka, na yi ta sauka, har na ce ko an cire ta ne, sannan na ji ni a zaune, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Muka ɗauki hanyar Kiyawa. Ji nake kamar a tabarma nake ana jan ta a kan kwalta. Sitiyarinta kuwa ba ya son wasa, in direba ya yi atishawa sai ta sauya hannu. Na ce Bulus ya ƙara wuta. Ya ƙara. Na yi salati, na ce ya saki sitiyari. Ya saki. Motar nan ta miƙe kamar sahun sallar Idi. Ruwan ƙwaryata ko motsi, har fuskata nake gani a ciki.

Na ce ya tsaya a gindin wata darbejiya. Ya tsaya, ya kashe.

Na ce, “Bulus, yaushe take ja?”

“Wani lokaci, Mama.”

“In ta yi zafi?”

“Ba ruwanta da zafi.”

“In za ka shan mai?”

“Ba ta ja.”

“In za ka kai ta wanki?”

“Ba ta ja.”

“Da ka kai ta Kano sau uku fa?”

“Lafiya muka je, lafiya muka dawo.”

“Kai da wa?”

“Ni kaɗai.”

“Ranar tifa, kai da wa?”

Ya dubi darbejiya, ya dubi sama, ya goge madubin da ba shi da datti. Can ya ce, “Mama, ni ban ce komai ba.”

Na ce, “Ban ji ka ce komai ba.”

Ya ce, “Yarana uku suna makaranta.”

Na ce, “Tayar da mota.”

A hanyar komawa ina ta juya abin. Alhaji a dama yake zama, mota kuma hagu take ja, shi ya sa kowa ya tafi duba ƙafar gaba ta hagu. Amma duk wanda ya taɓa kora akuya ya sani, in ka tura kuturinta dama, kanta hagu zai nufa. Na ce a raina, ciwon nan a baya yake, ta dama, kuma ba ya tashi daga barci sai an danne shi. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, motar da babu kowa a ciki aka ba ta.

To amma ba a aika wa babban mutum a ce ya zo ya zauna a auna shi. Sai na ce da Sabo, bayan azahar a fito da gero daga ɗakin ajiyata, a ɗora a kujerar dama, ya tsaya a madadin mai kujerar.

A nan ne na yi kuskure mafi girma a sana'ata, kuma ina so a rubuta shi, kada a tsallake.

Sabo ya tsaya a tsakiyar gareji, gaban mai faci da mai walda da mutum wajen ashirin, ya ɗaga murya ya ce, “Inna, buhu nawa za a sa?”

 Kowa ya san abin da ake tambaya. Ni 'yar manoma ce, in na dubi dami na san tiya nawa zai fitar. Na sha ganin Alhaji a wurin suna da biki, na san ko da azumi bai gaza buhu ɗaya da rabi ba. Amma yaya zan buɗe baki a gaban jama'a in ce dattijo, mai jikoki, wanda ya gina masallaci, ya kai buhu da rabi? Gobe a ji a shago, jibi a ji a Limawa, a ce tsohuwar gareji ta auna Alhaji da buhu.

Na ce, “Ɗaya.”

Bulus ya yi tari. Mai faci ya dubi ƙasa. Sabo ya ce, “Ɗaya, Inna?”

Na ce, “Ɗaya na ce.”

Babu wanda ya gyara mini, don duk wanda ya ce a ƙara, shi ya faɗa. Aka kinkimo buhu, aka cusa shi a kujera da ƙyar, Bulus ya ja bel ya ɗaure shi, don motar ba ta yarda a zauna mata babu bel, sai ta yi ta kuka. Na tsuguna a ƙafar baya ta dama. Ta motsa, amma rabin tsinke kawai. Rabin tsinke ba ya kai mota ƙarƙashin tifa. Sabo ya shiga rami ya haska, ya fito ya ce bai ga komai ba. Na sake aunawa, rabin tsinke. Na sake, rabin tsinke. Bulus ya koma gefe ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire hularsa ya riƙe. Na san gaskiya tana cikin rabin buhun da na hana, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Muna cikin haka, bayan la'asar, sai ga jif ta tsaya. Alhaji ne, ya gaji da jira. Wanda ya tuƙo shi direban babbar motarsa ta riɗi ne, an sa masa sabuwar riga, alamar an fara gwada shi ke nan. Aka buɗe, Alhaji ya sauko da sandarsa. Jama'a suka zube gaisuwa. Ni ma na gaishe shi.

Ya ce, “Hajiya, ina wuni, ina gajiya? An samu ciwon, ko in karɓi makullina?”

Kafin in amsa ya leƙa cikin mota. Ya daɗe yana leƙe. Ya ɗago.

“Wane ne wannan a kujerata, har da bel?”

 Na ga dai yau ba gudu. Na ce, “Wakilinka ne, Alhaji.”

“Wakilina?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, zatona motar ba ta ja sai da nauyi a kujerar nan. Ba mu so mu wahalar da kai, shi ne muka sa gero ya zauna maka.”

Mai walda ya fara ja da baya a hankali. Alhaji ya zagaya ta ɗaya gefen, ya sa sanda ya tsokani buhun a ciki, ya tsokane shi a kafaɗa. Ya ce, “Buhu nawa ne nan?”

Na ce, “Ɗaya.”

“Ɗaya? Ni?”



Ya buga sanda a ƙasa. “Shekara arba'in ina auna riɗi! Sikelina na nan a shago, duk ƙarshen wata sai na hau shi. Buhu ɗaya na wuce shi tun kafin in je Makka na farko! Wa ya raina ni haka?”

Na ce, “Ni ce, Alhaji. Kunya ce ta sa.”

“Kunya? Hajiya, da girmanki, kunya ta sa ki tauye mudu? In yarona ya yi mini irin wannan awo a shago, ranar zai bar aiki. A fitar mini da wannan ramammen!”

Aka kwance wa buhu bel aka fitar da shi. Alhaji ya miƙa sanda, ya tattare babbar riga, Sabo ya kama hannu ɗaya, mai faci ya kama ɗaya, aka sauke shi a kujera a hankali kamar ana sauke tulu a rijiya. Motar ta yi wani nishi. Ni ina tsugune, idona a kan zare. Wallahi ina kallo tayar bayan nan ta buɗe baki ta juya waje, kamar yaron da aka kira ya ƙi zuwa. Na sa tsinke. Uku cif, har da ɗan ƙari.

Daga cikin rami Sabo ya yi ihu, “Inna, ga ta! Ga ta nan!”

Robar da ke riƙe da hannun tayar baya ce ta tsage. In babu nauyi, tsagar sai ta haɗe bakinta, ko da tocila ba ka gani. Buhu ɗaya bai isa ya buɗe ta ba. Alhaji ya isa.

To ni ba na yanke hukunci da gwaji ɗaya, haka Malam ya koya mini. Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri, a ɗan fito.” Aka fitar da shi. Tsaga ta rufe, taya ta koma. Na ce, “A ɗan koma.” Aka mayar da shi. Ta buɗe. Na ce, “A ɗan sake fitowa.” Mai faci yana haɗa gumi, ya ce, “Inna, don Allah wannan ya zama na ƙarshe, bayana ba na aro ba ne.”

Da aka sake fitar da shi, Alhaji ya ce shi ma sai ya gani da idonsa. Aka riƙe shi ya sunkuya a bakin rami, Sabo ya haska masa. Ya ce, “Ina take? Ban ga komai ba.”

Na ce, “Ba za ka gani ba, ranka ya daɗe. Sai kana ciki take buɗewa.”

“In ina ciki kuma yaya zan gani?”

“Ba za ka gani ba.”

Ya miƙe yana haki. “Wato ciwon nan ba ya fitowa sai na zauna, in na taso dubawa ya ɓuya.”

Na ce, “Haka ne.”

Ya ce, “Munafukin ciwo.”

Dole aka sake shigar da shi karo na uku, Sabo ya ɗauki hoton tsagar da waya, aka miƙa masa ta taga. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya kawo ta kusa, ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko wannan zai iya jefa mota hagu. Na ce zai iya, kuma da ba hannun da ya san aiki ne ke riƙe da sitiyarin ba ranar tifa, da yanzu ba wannan zancen ake yi ba. Sabo ya ce za a samo robar a Kano, a sauya ta hagu da dama gaba ɗaya, kafin nan motar ba za ta bar gareji ba.

Aka fitar da Alhaji, aka ba shi sandarsa. Ya karkaɗe riga. Ya waiga ya hango Bulus a tsaye kusa da tsohuwar tayar nan, hula a hannu.

Ya ce, “Bulus.”

“Maigida.”

“Zo nan. Kai ka san sai ina ciki take ja?”

“Na sani, Maigida.”

“Tun yaushe?”

“Wata biyu ke nan.”

“Wata biyu! Ka bar ni ina aika mota Kano, ina zarginka da abin da ba ka yi ba. Me ya hana ka faɗa mini?”

Bulus ya juya hularsa, ya ce, “Maigida, in ce me?”

Alhaji ya dogara sandarsa. Ya dubi motar, ya dubi cikinsa. Ya miƙa hannu wajen direban riɗi ya karɓi makullin jif, ya danƙa wa Bulus.

Ya ce, “Gaskiyarka. Da ka faɗa, da tun ranar na kore ka. Sa hularka mu tafi gida.”